Haziƙin Yaro a Ajin Firamare: Aikin Harshe da Ginin Hali

Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na malaman firamare, reshen Haɗeja na Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya

 



An umarce ni in yi magana a kan yaran nan da Allah Ya ba hazaƙa fiye da tsararrakinsu, da ayyukan harshe da suka dace da su, da kuma yadda za a gina halinsu. Wanda ya dubi taken zai zaci abubuwa biyu aka gwama. A ganina abu ɗaya ne, domin halin haziƙin yaro a cikin aikin da aka ba shi yake ginuwa ko ya rushe, kuma babu aikin da ya kai na harshe bayyana halin mutum.

Hukuma ba ta manta da waɗannan yara a takarda ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa da aka fitar a 1977 ta lissafa masu baiwa ta musamman cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta daban. An buɗe makarantar haziƙai ta tarayya a Suleja, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1990, mu ma nan Jigawa muna da tamu a Bamaina ta ƙaramar hukumar Birnin Kudu. To amma duka biyun makarantun sakandare ne, kuma 'yan ƙalilan suke ɗauka. Daga shekara shida zuwa goma sha biyu, yaron nan yana hannunmu, a Haɗeja ko Auyo ko Guri ko Birniwa, cikin aji mai ɗalibai saba'in ko fiye. In wutarsa ta mutu a aji uku, babu jarrabawar Bamaina da za ta sake hura ta.

Mu dubi abin da aka saba yi da shi. Da zarar malami ya lura yaro ya fi sauran saurin ganewa, sai ya naɗa shi monita. A ba shi takarda ya rubuta sunayen masu surutu, wani lokaci har a miƙa masa bulala. In malami yana da uzuri, shi zai kwafe darasi a allo. An ɗauka girmama shi aka yi. Amma me aka koya masa? An koya masa cewa ladan ilimi shi ne iko a kan 'yan'uwa, kuma alƙalaminsa makami ne: wanda ya hana shi gyaɗa a lokacin tara, sunansa ya shiga takarda. Yaro ɗan shekara tara ya fara ɗanɗana zaƙin son kai da karɓar na goro, mu kuwa muna ta yabon ƙoƙarinsa. Wani malamin kuma sai ya ƙyale shi kawai, ya ce ai wannan ko da mu ko ba mu zai ci jarrabawa. Shi ke nan yaro ya gama aikin minti talatin cikin minti biyar, sauran lokacin ya zauna yana tsokanar na kusa da shi, har a fara kiransa fitinanne.

Ba kuma kullum ne haziƙi yake zama wanda ya zo na ɗaya ba. Wani masanin ilimi Ba'amurke, Joseph Renzulli, ya bayyana a 1978 cewa baiwa tana fitowa ne inda abubuwa uku suka haɗu: basira da ta ɗara ta tsara, da iya ƙirƙira, da naci a kan aiki. Rahoton ƙarshen zango na farkon kawai yake aunawa, shi ma sama-sama. Ku lura da yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu, amma in an fita tara sai ka ga an kewaye ta tana ba da tatsuniya tana sauya murya. Kunya ce ta rufe ta, kuma da yawa irinta sukan gama firamare ba wanda ya san abin da ke kansu. Ku lura da wanda ya shigo boko a makare daga tsangaya, yana tuntuɓe a baƙaƙen boko amma ya haddace izu goma. Haka ɗan masunta ko ɗan makiyaya da yake jin Hausa da Badanci ko Manganci ko Fulatanci, yana yi wa kakarsa tafinta a asibiti, mu kuwa mun rubuta masa "mai rauni" saboda Turancinsa.

In mun gano shi, abu na farko da za mu kiyaye shi ne bakinmu. Mu mutane ne masu kirari, yabo ba ya yi mana wuya. A 1998 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, suka gwada yaran firamare da tambayoyi. Wasu aka yaba musu da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu aka yaba musu da cewa sun yi ƙoƙari. Waɗanda aka yi wa kirarin ƙwaƙwalwa sai suka riƙa gudun aiki mai wuya don kada su faɗi, kuma su ne suka fi yin ƙarya a kan makin da suka ci da aka tambaye su. Wannan ba zai ba tsohon malami mamaki ba. Yaron da aka saba ce wa gwani, ranar da ya kasa, sai ya zaɓi ya saci amsa da a ce gwani ya faɗi. Saboda haka aikin za mu yaba: wannan jimla ta yi kyau, wannan gyara da ka yi ya fi na jiya.

Yanzu ga ayyukan kansu. Zan fi daɗewa a kan na farko, domin shi ne wanda Allah Ya hore mana kayansa a nan fiye da sauran wurare, kuma ba ya cin komai sai littafin rubutu da biro.

Muna zaune a bakin kogi. Tun daga Auyo har zuwa Baturiya da Guri, rayuwar mutane a kan ruwa take, kuma kowace sana'a tana da tarin kalmomin da ba su cikin littafin Hausa na aji biyar. A tura haziƙin yaro ya tattaro su. Ya je wurin tsohon masunci ya rubuto sunayen kifi, tarwaɗa da karfasa da gaiwa da kurungu da yauni da waɗanda mu kanmu ba mu sani ba, da kayan su, koma da taru da birgi da fatsa, da yadda ake amfani da kowanne. Wani ya je wurin manomin fadama ya tambayo sunayen irin shinkafa na da da na yanzu, da bambancin jigawa da fadama da kwari. Ai yaran da yawa ba su san sunan jiharsu ma sunan irin ƙasa ne ba. Yarinya ta zauna da kakarta ta rubuto sunayen kayan ɗaki da na saƙar tabarma da na gyaran kifi. Kowace kalma a rubuta ma'anarta, a sa ta a jimla, a rubuta garin da aka ji ta. Cikin zango ɗaya sai ka ga makaranta ta mallaki ɗan ƙaramin ƙamus na Hausar Haɗeja wanda yaranta suka wallafa da hannunsu.

Akwai dalilin gaggauta wannan. A ƙasar nan tamu an taɓa yin harshen Auyokawa, yau babu mai magana da shi. Kalmomi suna mutuwa yadda mutane suke mutuwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwa ta sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ta zama gidan jan-baki mai cinye shinkafa. Wuraren su da noma sun canza, kuma sana'ar da ta ja baya da kalmominta take tafiya. Tsohon da ya san sunan kowane lungu na kogin ba zai jira mu ba.

To ina tarbiyya a nan? Tana cikin kowane mataki. Yaron da ya saba a aji shi ake tambaya, yau shi ne zai yi sallama, ya durƙusa ya gaida dattijon da bai taɓa shiga aji ba, ya ce Baba, ban sani ba, ka koya mini. Babu wa'azin tawali'u da ya kai wannan zama. Zai koyi cewa ba a katse babba, kuma tsoho yakan zagaya kafin ya iso ga amsa. In ya dawo, ƙa'ida ita ce ya rubuta abin da aka faɗa masa yadda aka faɗa, kada ya ƙara gishiri don labari ya yi daɗi, kada ya ɗauki maganar Baba ya ce tasa ce. Wannan ita ce amana. Sannan malami ya sa shi ya koma ya karanta wa mai maganar abin da ya rubuta, ya tambaya ko haka ne. Wani Baturen mulki da ya zama malamin jami'a, Anthony Kirk-Greene, ya yi lacca a 1973 a kan mutumin kirki a wajen Bahaushe, ya lissafa halaye goma, ciki har da gaskiya da amana da ladabi da haƙuri da adalci. Iyayenmu sun san su tun kafin ya rubuta. Abin da ya rage gare mu shi ne mu daina sa yara su haddace sunayen halayen don jarrabawa, mu ba su aikin da ba ya yiwuwa sai da su.

Ga 'yan aji biyar da shida, a ɗaga aikin zuwa tarihi. Kowane ɗan Haɗeja ya ji labarin Sarki Buhari, ya ji labarin yaƙin da aka yi da Turawa a watan Afrilu na 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. A sa yaro ya ji labarin daga bakin mutum uku dabam-dabam ya rubuta. Zai tarar sun saɓa a wasu wurare. Nan ne darasin yake: wa ya faɗa maka? Shi kuma daga wa ya ji? A koya masa ya bambanta "na gani" da "an ce" a cikin rubutunsa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, shi ne abin da malaman hadisi suka yi da isnadi. In labarin 1906 ya yi nisa, ga ambaliyar 2022 nan da yaran suka gani da idonsu, wadda ta ci gonaki da gidaje, wasu ma a azuzuwan makaranta suka kwana. Yaron da ya koyi tambayar "daga wa ka ji?" yana ɗan shekara goma sha ɗaya, gobe in waya ta shigo hannunsa ba zai tura duk abin da ya gani a WhatsApp ba. Ku kuwa kun san haziƙin maƙaryaci ya fi daƙiƙin maƙaryaci ɓarna, domin shi ake yarda da shi.

Karin magana kuma mun mayar da ita abin cikewa: a rubuta rabi, yaro ya ƙarasa. Wannan ya yi wa haziƙi kaɗan. A ba shi biyu masu karo da juna. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, su ne kuma suka ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Wacce ce gaskiya? A yaushe? Ya kawo misali daga gona ko kasuwar kifi. Daga nan sai muhawara, amma da sharaɗi guda wanda nake roƙon ku gwada: ba wanda zai mayar da martani sai ya fara maimaita hujjar abokin karawarsa, har abokin ya ce e, haka na ce. Za ku sha mamakin yadda wannan yake yi wa mai kaifin baki wuya. Ya saba tun ana magana yana shirya amsa, bai taɓa saurare ba. Bayan an yi zagaye ɗaya, a musanya musu ɓangare, wanda ya kare kiwo ya koma ya kare noma. Mu da muke zaune inda manomi da makiyayi da masunci suke haɗuwa a kan ruwa ɗaya, ba sai na faɗa muku amfanin mutumin da ya iya faɗin hujjar wanda ba ya goyon baya ba tare da ya murɗe ta ba.

Wasannin harshe ba sai na tsaya a kansu ba, kun fi ni saninsu: kacici-kacici, da karya-harshe, da kalmomin da rubutunsu ɗaya amma karin sauti ko tsawon wasali ya raba su, kamar gari na zama da gari na tuwo, ko fari na launi da fari na rashin ruwa. Sai dai a bar haziƙi ya ƙirƙiro nasa kacici-kacicin maimakon ya amsa na wasu, kuma a tsananta masa a kan lanƙwasa, ya san baki ba baƙi ba ne, kafa ba ƙafa ba ce.

Inda haƙuri yake shi ne insha'i. Al'adarmu ita ce yaro ya rubuta, mu ja jan biro, mu ba da maki, a wuce. Haziƙi yakan ci tara cikin goma a zama ɗaya, sai ya tashi da tunanin cewa abin da ya fara fitowa daga kansa shi ne daidai. A mayar masa da rubutun ba maki, a ce wannan sakin layi bai fito ba, sake. Ya kawo, a ce sake. Zai ɓata rai, wataƙila ya yi ƙwalla, domin bai taɓa jin haka ba. A nan malami zai zaunar da shi ya ba shi labarin waɗanda suka riga shi. Abubakar Imam malamin Midil ne a Katsina, yana ɗan shekara ashirin da biyu, lokacin da ya shiga gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja, kuma da ya zo rubuta Magana Jari Ce sai da ya koma Zariya ya zauna da Rupert East ana dubawa ana gyarawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma malami ne sa'ad da ya rubuta Shaihu Umar. Mu kuma muna da namu na gida, Mu'azu Haɗeja, malamin makaranta kamarmu, wanda ya rasu a 1958, ya bar waƙoƙi a kan ilimin zamani da biyayya ga iyaye da illar giya. Abin kunya ne yaro ya gama firamare a garin nan bai taɓa jin an rera masa ko ɗaya ba. A rera musu, sannan a ce su gwada baiti biyu nasu a kan kogi ko damina. Kari da amsa-amo ba su san gwani ba, in layi ya karye kowa zai ji. Wanda ya fito daga tsangaya a bar shi ya rubuta nasa da ajami, ya koya wa sauran, ranar nan shi ma ya zama mai bayarwa.

Na san akwai mai cewa a ransa, duk wannan Hausa ce, alhali jarrabawar shiga sakandare da Turanci ake yin ta. Gaskiya ne, kuma ba na cewa a saki Turanci. Amma an gwada wannan a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Ile-Ife suka koyar da yara shekara shida da Yarabanci, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Wanda ya iya tsara hujja da harshen uwarsa, kalmomi kawai yake nema a na biyu. Ƙamus ɗin nan na kifi da fadama, a ƙara masa layi na uku na Turanci, ga darasin fassara ya samu.

Wani kuma zai ce, Malam, ina lokaci? Ga aji maƙil, ga rajista, ga albashin da ba ya kai rabin wata. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, kuma don irinsa aka kafa ƙungiyar nan tun 1931. Sai dai ku lura, yawancin abin da na ambata a waje yaro yake yin sa, ko a cikin mintunan da da ma yake zaune ba aiki. Abin da ake nema daga malami shi ne ya duba littafin sau ɗaya a mako. Kuma kada a ware yara biyar a ce su ne haziƙai, sauran su zama 'yan kallo. A buɗe ƙofa ga duk mai so, aikin da kansa zai tace, kuma sau da yawa wanda zai dage ba shi ne wanda muka zata ba. Abin da suka tattaro su kawo wa aji duka. Ranar Alhamis a bar ɗan aji shida ya je aji ɗaya ya karanta wa ƙannensa tatsuniyar da ya rubuta, na minti goma, malami yana zaune. Na ce malami yana zaune, domin ba a ce a mayar da yaro malamin da ba a biya ba. Hannun da muka saba ba bulala ne muke so mu ba littafi.

A kan 'yan mata, a nemi yardar iyaye kafin a tura su, kuma a tsayar da su ga mata da dattawan gidansu. Malamanmu mata su ne za su riƙe wannan. Ba sabon abu za su fara ba, Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi shi da jajis ɗinta na 'Yan Taru tun ƙarni na 19, da waƙa ta isar da ilimi ga matan karkara.

Malam Shugaba, ina da roƙo ga wannan reshe. A zama na gaba da Sakataren Ilimi, a nemi a amince da darasi ɗaya a mako a jadawali don irin wannan aiki, domin kada jami'in sa ido ya zo ya tarar da yara suna muhawara ya rubuta cewa malami ya bar manhaja. A nemi kwamitocin al'umma na makarantu su ɗauki nauyin littattafan rubutu ashirin-ashirin, da akwatin ƙarfe da za a ajiye su a wuri mai tudu, tunda mun san abin da ruwa yake yi wa takarda a Agusta da Satumba. Sannan wannan mujalla tamu ta ware shafi ɗaya a kowace fitowa ga rubutun yara, a sa sunan yaron da makarantarsa, a ƙarƙashi kuma a sa sunan dattijon da ya ba shi labarin, in ya yarda.